Turmin Inna a Ɗakin Maganin Ma'u

Shekara tara ke nan da aka ɗauki ƙanwata Asma'u daga tsakar gidana aka kai ta makwancinta. Mu a gida Ma'u muke ce mata. Mutanen ƙasar Anka kuwa, har da wasu na Bukkuyum da Gummi, Malama Ma'u disfensa suka sani, mai haɗa magani a ƙaramin asibitin garinmu. Ni ce Kulu, yayarta, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa. Ɗiyata Balki ce ke riƙe da biro ina faɗa mata, kuma na ce ta rubuta yadda na faɗa, in ta zo kan abin kunya kada ta tsallake, domin saboda shi na zaunar da ita.

Tun da ta rasu ban taɓa shiga taron biki ko na suna aka gane ni ba, face wata ta dafa ni ta ce, “Allah sarki, yayar Malama ce.” Shekara bakwai na ba ta a duniya. Ni na goya ta, ni na koya mata tafiya. Amma yau ba ni da suna sai an jingina ni da ita. Ba zan ɓoye muku ba, abin yana ci mini rai tun tana raye, kuma mutuwarta ba ta rage shi ba. Mai rai ka iya yi masa gori ka huce. Wanda ya tafi kuwa kullum ƙara haske yake a bakin mutane, kai kana nan kana tsufa.

Innarmu ungozoma ce, ta san saiwa da sassaƙe. Ni nake bin ta daji da ƙwarya, ni nake shanya, ni nake daka. Ma'u kuwa tun tana ƙarama ba ta da ƙwarin jiki, ko taɓarya ta ɗaga sai ta yi haki. Da aka zo neman yaran da za a sa makaranta, Baba ya dube mu ya ce Kulu tana da amfani a gida, a tafi da waccan. Kun ji yadda aka yi. Wadda ba ta iya komai ba aka ba karatu, wadda ta iya aka bar ta da iyawarta. Ta tafi birni ta koyo haɗa magani, ta dawo da farar riga. Ni kuma da Inna za ta rasu ta miƙo mini ɗan turminta na baƙin dutse, bai wuce ƙwaryar shan fura ba, da 'yar taɓaryarsa. Ni ta ba, ba Ma'u ba. Shekaru da yawa wannan turmin nake tunawa in na ga ana durƙusa wa ƙanwata.

Bayan rasuwar maigidana ta nema mini aiki a wurinta, wankin kwalabe da share ɗakin magani. A nan na ga yadda take aiki, kuma dole in faɗi gaskiya, ban taɓa ganin mutum mai tsantseni irin nata ba, har yakan ba ni haushi. Sikelinta yana cikin akwatin gilashi. Kafin ta auna gari sai ta rufe taga, wai iska tana taɓa awo. In ta auna, sai ta sauke ta sake aunawa. Ruwan haɗi sai an tafasa an rufe ya huce. Man ƙazuwa na farar wuta a kan wani faffaɗan gilashi take murza shi da wuƙa, ba ya kusantar kayan maganin sha. Kowace kwalba sai ta manna mata takarda da sunan yaro, da ranar da aka haɗa, da ranar da za a zubar ko da saura. Sai kuma turminta na farin tangaran, guda ɗaya tak, wanda take niƙa ƙwaya a ciki. Domin akwai magungunan da ke zuwa ƙwaya ta manya, yaro ɗan shekara ɗaya ba ya iya haɗiya, kuma in an ba shi duka ta yi masa yawa. Sai ta niƙe, ta haɗa da ruwan zaƙi daidai nauyin kowane yaro, uwa ta riƙa ba shi da cokali.

Ni da nake auna magani da tafin hannu tun ina budurwa, nakan tsaya riƙe da tsintsiya in ce, “Ke Ma'u, Inna ba ta da sikeli, ɗiya nawa tac ceto?” Sai ta ce, ko ɗago kai ba ta yi, “Waɗanda ba ta ceto ba, Yaya, wa ya ƙirga su?” In yi tsaki in fita.

Amma akwai abin da karatunta bai ba ta ba. Takan rubuta a kwalba sau uku a rana, ta miƙa wa macen da ba ta san baƙi ba, ta yi mata bayani, matar ta ce to, ta fita ta manta. Ni na san kanmu. Wata rana na tsinko zare daga bakin zanena na ɗaura a wuyan kwalba, na yi ƙulli uku, na ce wa matar, “Safe, azahar, magariba. In kin mance, taɓa ƙulli.” Tun daga ranar kowace kwalba da zare take fita. Ku je yau ku tambaya, za a ce muku ƙullin Malama Ma'u. Zanena ne ya ƙare a wuyan kwalabe, sunanta ne ya hau.

To, sai zinariya ta zo ƙasarmu. Kun san labarin, ba sai na maimaita ba. Maza suka bar gona suka shiga rami, aka riƙa kawo dutse cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa, ƙura ta bi tabarma da tukunya da hannun yara. Yara suka fara amai da jijjiga, wasu suka tafi, kafin a gane dalma ce a cikin dutsen. Ɗana Garba yana cikin masu haƙa. In ya samo sabon dutse yana son ya gwada ko akwai rabo, sai ya ɗauki turmin Inna ya farfasa ɗan kaɗan ya wanke a ƙwarya. Na gan shi da idona ya fi sau goma, tsugune bakin rumbu, ƙura har a gashin idonsa. Da aka yi shela cewa ƙurar ce ke kashe yara, na ƙwace turmina, na wanke shi da toka, na dirje da yashi, na sake da sabulu da ruwan zafi, na kife shi a ƙarƙashin gado. A wurina magana ta ƙare. Duk garin nan ba a taɓa samun wadda ta kai ni wanki ba.

Ranar da zan ba ku labari ranar kasuwa ce, cikin damina. Mata goma sha ɗaya suka zo karɓar maganin jijjiga na 'ya'yansu, wasu tun daga ƙauyukan wajen Bukkuyum, a bayan babur, laka har gwiwa. Ma'u ta fito da ƙwayoyin, ta juya za ta ɗauko kwalbar ruwan zaƙi, gwiwar hannunta ta ture turmin tangaran. Ya faɗi ya rabe uku. Ita da kanta, ba ni ba. Allah ya yafe mini, da na ji ƙarar nan wani sanyi ya ratsa zuciyata. Shekara da shekaru tana ce mini, “Yaya, a hankali da turmin nan,” ga shi mai a hankalin ce ta kashe shi.

Ta tsaya tana kallon gutsattsarin. Wani turmin sai an je Gummi, ga gulbi ya kawo ruwa, ba a san ranar dawowa ba. Ni kuwa ko mayafi ban gyara ba na nufi gida. Na jawo turmin Inna na rungumo shi, ina tafe ina jin kaina kamar wadda za a naɗa. Yau ɗakin sikeli zai durƙusa wa turmin Inna. Yau za a ce ba don Kulu ba da yara sun koma gida hannu wofi.

Na ajiye shi a kan teburinta. Ta daɗe tana kallonsa. Ta shafa cikinsa da yatsa, ta ɗaga shi wajen haske. Sannan ta dube ni.

“Yaya, mi anka taɓa daka cikin wanga turmi tun bayan Inna?”

Na ce, “Sassaƙe da yaji. Mi kike so a daka cikinai?”

“Ba wani abu?”

“Ke, ni za ki tsare da tambaya kamar alƙali? Ga mata can ɗiyansu na kuka.”

Sassaƙe da yaji gaskiya ne. Amma na san abin da take tambaya, kuma na san abin da na bari a baya. Na gaya wa raina ai na wanke, wankakken abu kuwa ba shi da tarihi. Ta tafasa ruwa ta ƙona shi sau biyu, ta goge da auduga, ta bari ya bushe. Ta niƙa ƙwayoyin, kusan duk abin da ke gare ta, sai 'yan kaɗan da suka rage a gwangwani. Ta auna, ta haɗa, ta zuba kwalba goma sha ɗaya. Ni na ɗaura musu zare, ina ƙulli ina 'yar waƙa.

Ma'u tana da wata al'ada. Ba ta barin uwa ta tafi sai ta ba yaro cokalin farko a gabanta, don ta ga ko ta iya girgiza kwalba, ko ta iya cika cokali daidai. Wadda ke kan gaba wata Bafulatana ce mai suna Hajo, daga wata ruga ta wajen Bukkuyum, da ɗiyarta 'yar shekara biyu, siririya, idanu duk sun faɗa. Mun saba da Hajo, takan kawo mini man shanu ta ce in rage faɗa. Ta zauna a benci ta kwantar da yarinyar a cinya, ta girgiza kwalba, ta tsiyaya. Ta ce mini, “Inna Kulu, yau kam ke ce likita, an ce da turminki anka yi.” Na yi murmushi. Wannan maganar nake jira tun ina yarinya.

Sai ta matse kumatun yarinyar, bakin ya buɗe, cokali ya nufo shi. A daidai nan na tuna wani abu. A gindin turmin Inna akwai wani ɗan rami, bakin farce kawai ke shiga. Tun ina ƙarama na san shi, in na daka kanwa nakan sa tsinke in ƙwaƙulo abin da ya maƙale. Ranar da na yi wankin nan na toka da yashi, na sa tsinke? Na nemi amsa a kaina ban samu ba. Abin da na samu Garba ne tsugune bakin rumbu da ƙura a gashin ido.

Ban san lokacin da hannuna ya tafi ba. Na buge cokalin, ya yi sama ya faɗa cikin kwata, maganin ya fantsama a zanen Hajo. Na kama hannun Ma'u na ja ta ciki na tura ƙofa.

Na gaya mata. Tana saurare, fuskarta ba ta motsa ba. Da na gama sai tsoron abin da na jawo ya kama ni, na koma ina kare turmin. Na ce na wanke sau uku, ita ma ta ƙona sau biyu, ko ta ga ƙura da idonta? Na ce ta tuna babu sauran ƙwaya, ta tuna gulbi, ta tuna yaran nan in ba su sha ba jijjiga za ta tashi, wannan kuwa tabbas ne, ƙurar kuma wataƙila ce.

Ta ce, “Ban ga ƙura ba. Ke kina iya rantsuwa babu?”

Na kasa rantsewa.

Ta ce, “Ni ma ban iyawa. Ɗiyan ga da dalma a jikinsu sunka zo. Abin da ban iya rantsuwa kanai, ba ni ƙara musu shi da hannuna, safe da azahar da magariba, har sati biyu.”

Ta zauna ta zazzage gwangwanin nan, ta ƙirga ƙwayoyin da suka rage da bakin wuƙa, ta jawo takardun yaran tana duba wa ya fi tsanani, wa ke da sauran tsohon magani a gida da bai kai ranar zubarwa ba. Na tsaya ina jiran ta zage ni. Wallahi da ta zage ni da na ji daɗi. Ba ta ko kalle ni ba. Ta tashi ta buɗe ƙofa.

Abin da ta gaya wa matan nan har yau yana kunnena. Ta ce, “Ku yi haƙuri, na yi kuskure. Na haɗa maganin ɗiyanku cikin turmin da ban tabbatar da shi ba. Ba wadda za ta tafi da kwalbar ga.” Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta karɓe. Ta sa aka haƙa rami mai zurfi can bayan katanga, nesa da rijiya, ta tsiyaye su duka tana tsaye, ruwan zaƙi yana bin ƙasa. Wata mata ta ɗora hannu a ka ta ce, “Malama, mun baro gona mun baro tukunya, mu koma mu ce wa mazanmu mi?” Wata ta ce ai masu farar riga ba su san tsadar babur ba. Ta tsaya ta shanye duka. Sunana bai fito daga bakinta ba. Masu kallo suka ɗauka ita ta yi mini ishara in buge cokalin. Hajo kaɗai ta dube ni ta daɗe.

Kwana uku muka yi kafin mai babur ɗin da aka aika Gummi ya samu ƙetarawa ya dawo da ƙwaya da sabon turmi. A kwanakin nan Ma'u ta riƙe yara biyar da suka fi tsanani a asibiti. Duk lokacin shan magani sai ta ɗauko sababbin cokula biyu da ta tafasa, ta murƙushe ƙwaya tsakaninsu, ta kai sikeli, ta raba wa kowane yaro nasa a 'yar takarda. Aikin da turmi ke yi sau ɗaya, ta yi shi sau tara da yatsu, har suka kumbura. Ni na koma dafa wa uwayen tuwo da hatsin rumbuna, ba wanda ya sa ni. Mutane suka ce kai, yayar Malama akwai kirki.

Rana ta biyu da la'asar jijjiga ta kama ɗiyar Hajo. Ni na riƙe ta a gefenta kamar yadda Ma'u ta koya mini, jikinta yana karkarwa a hannuna kamar tsuntsu. Ina riƙe da ita ina lissafi. In ta mutu, wa ya kashe ta? Ƙaryata ta safe, ko gaskiyata ta hantsi? Da na yi shiru da yanzu tana rugarsu da cikakkiyar kwalba. Ma'u ta yi abin da za ta yi, Allah ya sa abin ya lafa. Yarinyar ta rayu. An ce mini yanzu har ta yi aure. Amma kada ku ɗauka ina ce muku mun ceto ta daga guba. Har gobe ban san ko akwai ƙura a ramin turmin nan ba. Mai yiwuwa tsaf yake, mun wahalar da mata goma sha ɗaya a banza. Na taɓa faɗa wa Ma'u haka, ta ce, “Rashin sanin shi ne dalilin, Yaya.”

Daga nan labari ya tafi. Malama Ma'u da ta zubar da maganin yara sukutum don ba ta yarda da turmi ba. Waɗanda suka zage ta ranar su suka fi kowa yaɗa shi. Ni kuwa na zauna da abin a ciki kamar garwashi. Ku duba mini wannan ƙanwa. Karatu ta samu, farar riga ta samu, ƙullina ta samu. Laifin da na yi da kaina, nawa na halak, shi ma ta ɗauke ta yafa, ya zame mata ado. In na buɗe baki na ce ni na buge cokalin da ra'ayina, dole in ce me ya sa, dole in ce na yi ƙarya. Ta rufa mini asiri, kuma da murfin ta rufe har da abu guda na kirki da na taɓa yi a ɗakin nan.

Sau ɗaya muka yi maganar, a ciwonta na ajali, a ɗakina. Na daka mata magani na kawo da rana, ta buɗe ido ta ce, “A wane turmi kid daka?” Muka yi dariya har tari ya sarƙe ta. Sai na ce, “Ma'u, don mi kika ɗauki laifina?” Ta ce, “Ba naki na ɗauka ba, nawa na ɗauka. Turmin gida bai kamata ya hau teburina ba ko mi kic ce. Na tambaye ki sau biyu na bari, don ina son in yarda.” Sannan ta ce, “Turmin Inna ne. Ke kika bi ta daji, ke tab ba. Ni anka tura makaranta. Na so in daka cikinai ko sau ɗaya.”

Shekara hamsin ina hangen rigarta, ashe ita tana hangen turmina. Kuma ko a nan ta fi ni, domin ta riƙe nata a ciki ba wanda ya ji, ni kuwa duk gari ya san tsakina.

Da za ta leƙo yau, me za ta ce? Na san za ta ji daɗin ganin magungunan yara da yawa suna zuwa a haɗe cikin kwalabensu. Amma na san fuskar da za ta yi in ta ga abin da nake gani a wasu shagunan kemis na bakin hanya. A zube ƙwaya kala huɗu a kan takarda, a murje da gindin kwalbar lemo, a ƙulle a leda a ce a dama wa yaro. Ba a tambayi nauyinsa ba, ba a goge kwalbar daga haɗin mutumin da ya wuce ba. Uwa ta ajiye sauran maganin ruwa a kan taga wata uku, in ƙanensa ya kwanta ta ɗauko. Ga hanya ta yi wuyar bi, mace ba ta son a ce mata ta dawo gobe, mai shago kuma ba ya son ya ce. Ma'u ta iya cewa ki dawo gobe, ta tsaya a zage ta. Ni ban taɓa iyawa ba.

Abin da ya tayar da wannan rubutun kuwa, watan jiya ne na raka Balki Gummi da jikanta ba lafiya. Muka shiga wani ɗakin magani, muka tarar da wata matashiya mai farar riga. Ta ɗora yaron a sikeli, ta rufe taga kafin ta auna gari, ta rubuta ranar zubarwa, sannan ta jawo zare ta yi ƙulli uku. Na ce, “Ɗiyata, wa ya koya miki wanga?” Ta ce wadda ta koya mata aiki, a hannun wata Malama Ma'u ta tashi. Ta ce, “Inna, ba ki san labarinta ba? An ce wata rana ta ɗaga kwalba a rana ta hango ƙyallin zinariya a ciki, nan take ta zubar da maganin yara arba'in.” Balki ta taka mini ƙafa. Na ce, “Allah ya jiƙanta,” muka fito.

Ban yi barcin kirki ba tun ranar. Ba don arba'in ɗin ba. Don ƙyallin. In yaran nan masu tasowa suka ɗauka Ma'u gani ta yi, to za su riƙa ɗaga kwalba a rana, in ba su ga komai ba su miƙa. Ba ta ga komai ba. Ba abin da za a gani. Tambaya ta yi aka yi mata ƙarya, aka dawo aka gaya mata gaskiya, ta zubar a kan abin da ba ta sani ba. Wannan shi ne nata, kuma ya fi ƙyallin zinariya wuya.

Turmin yana nan ƙarƙashin gadona, ƙulle cikin leda biyu. Ba a sake daka ko barkono a cikinsa ba. Na gaya wa Balki ranar da na tafi a haƙa masa rami mai zurfi nesa da rijiya, kada a bar wa kowa gadonsa.

Ma'u, Allah ya haskaka kabarinki, ya sa aikin yatsun nan naki ya tarbe ki. Sikeli naki ne, rufe taga naki ne, tsayuwar nan a gaban mata suna zagi naki ne, ban nemi ko ɗaya ba. Ƙullin ma na bar miki, ya riga ya saba da sunanki. Amma abin da kika riƙe mini shekara goma sha biyar, yau na zo karɓa. Ku masu karatu, in za ku ba da labarin nan, ku auna shi daidai yadda take awo. Ku ce Kulu ta yi ƙarya da safe don a yabe ta. Ku ce da hantsi Kulu ta buge cokali, ba wanda ya yi mata ishara. Ƙaryar tawa ce, hannun ma nawa ne. A mayar mini da su duka biyun.